BA SAI YARO YA ZAMA TAURARO BA: DARASIN MASAI UJIRI GA UNGUWAR ALI KAZAURE

Duk inda mutanen Jos mazauna Kurmi suka taru, ko a Agege ne, ko Idi Araba, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, da wuya a tashi hira ba a taɓo maganar yaran da aka baro a gida ba. In kuwa magana ta biyo ta kan wasanni, nan take jama'a sukan rabu gida biyu. Kashi na farko su ce wasa shiririta ne, aikin wanda ya rasa abin yi, gara a turo yaron Ikko ya kama tsaron shago ko ya bi mota. Kashi na biyu su ce a ƙyale shi, wa ya sani ko shi ne Ahmed Musa ko Mikel Obi na gobe, tun da su ma ƙasar Jos ce ta raine su, ya zo ya fid da dangi daga talauci.

To, waɗannan ra'ayoyi biyu, ko da yake a ido kamar kishiyoyi suke, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu da mudu ɗaya suke awo, watau mudun tauraro. In yaro ya yi suna ya tara dukiya, wasa ya yi rana. In bai yi ba, ya ɓad da ƙuruciyarsa a banza. Wannan mudu kuwa tauyayye ne, kuma shi ya sa unguwanni irin su Ali Kazaure suke asarar abu mai yawa. Domin ɗan wasan da ya fi yi wa gida amfani sau da yawa shi ne wanda ya je ya gwada, bai yi suna ba, ya komo da ilmin abin ya zauna yana koyarwa. Babu inda wannan magana ta fito fili kamar a tarihin wani ɗan wasan ƙwallon kwando da ya tashi a Zariya, mai suna Masai Ujiri.

Yaron Zariya

An haifi Masai Ujiri a garin Bournemouth na ƙasar Ingila ran 7 ga watan Yuli 1970, sa'ad da iyayensa suke karatu a can. Mahaifinsa mutumin ƙasar Isoko ne, cikin Jihar Delta ta yanzu, mahaifiyarsa kuwa likita ce 'yar ƙasar Kenya. Yana ɗan ƙanƙane suka komo Nijeriya, aikin asibiti ya zaunar da su a Zariya, a nan ya yi wayo, a nan ya girma. Watau dai shi ɗan baƙi ne a Arewa, daidai yadda 'ya'yan mai karatu suke 'ya'yan baƙi a Kurmi.

Kamar kowane yaro a ƙasar nan, da ƙwallon ƙafa ya fara. Sai da ya kai wajen shekara 13 sa'an nan ya koma ƙwallon kwando, a filayen siminti da ke sarari, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Sa'ar da yaran Zariya na wancan zamani suka yi ita ce akwai mai koyarwa zaunanne a garin. Wani Ba'amurke ne mai suna Oliver Johnson, wanda 'yan wasa suka fi sani da Koci OBJ. Mutumin nan ya zo Nijeriya ya share wuri ya zauna, ya yi shekaru masu yawa yana horad da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma karɓar yaran gari da suke zuwa fili. 'Yan wasa da dama da suka wakilci Nijeriya ta hannunsa suka bi, Ujiri kansa kuwa bai taɓa ɓoye cewa malaminsa ne ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, gama shi ne tushen maganar duka. Zariya ba ta fi Jos dogayen yara ba, ba ta kuma fi ta kuɗi ba. Abin da ta samu shi ne mutum ɗaya wanda kullum la'asar in yaro ya je fili zai tarad da shi a can, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa.

Shekaru shida a ƙananan kulob

Daga Zariya Ujiri ya tafi Amurka neman karatu da wasa. Bai sami shiga manyan jami'o'in da ake nuna wasanninsu a talabijin ba. Wata ƙaramar kwaleji ya samu, mai karatun shekara biyu, a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa, inda sanyin Jos na watan Janairu yake wasan yara. Da ya gama can ya ɗan taɓa wata jami'a a jihar Montana, bai daɗe ba ya bari. Babbar gasar Amurka, watau NBA, ba ta ko waiwaye shi ba. Sai ya haye Turai, ya yi shekara shida yana wasa don neman abinci a ƙananan kulob, daga garin Derby na Ingila zuwa wasu garuruwan ƙasar, zuwa Beljiyam da waɗansu ƙasashe.

Yana da kyau a san irin rayuwar da ake yi a waɗannan ƙananan gasanni, domin yaran gida hoton manyan kaɗai suke gani a waya. Albashi kaɗan ne. Yarjejeniya ta kakar wasa ɗaya ce, wani lokaci ma ba ta kai ba. In ɗan wasa ya ji rauni ko kulob ya rasa kuɗi, sai ya naɗe tabarmarsa ya nemi wani gari. Duk wanda ya taɓa yin ci-rani, ya kwana a rumfar kasuwa yana lissafin abin da zai aika gida, ya san wannan rayuwa ko da bai taɓa riƙe ƙwallo ba.

Kuma ba yau aka fara ba. A shekarar 1946, shekarar da aka kafa gasar da ta zama NBA, an kafa wata ƙaramar gasa a gabashin jihar Pennsylvania, a garuruwa irin su Wilkes-Barre da Hazleton, waɗanda haƙar kwal ta raya su kamar yadda haƙar kuza ta raya Jos. 'Yan wasan wannan gasa suna da ayyukansu na yau da kullum, sai ranakun Asabar da Lahadi su cika mota su tafi garin da za a yi wasa, a biya su ladan daren, su komo. A zamanin da manyan kulob suke ƙayyade yawan baƙaƙen fatar da za su ɗauka, wannan ƙaramar gasa ce ta zama mafakar gwanaye da yawa. Daga baya ta sake suna ta zama CBA a 1978, kuma a cikinta ne Phil Jackson ya koyi aikin koci, ya ci kofi da kulob ɗin garin Albany a 1984, kafin ya je ya ci kofin NBA sau 11 da Chicago da Los Angeles. Ashe ƙaramar gasa makaranta ce, ko da yake ba ta ba da takardar shaida.

A wannan makaranta Ujiri ya yi karatunsa. Ya ga yadda ake ɗaukar ɗan wasa da yadda ake sallamarsa. Ya san masu horarwa da wakilan 'yan wasa a ƙasa-ƙasa. Ya ga gwanaye da aka raina don ba su fito daga babban gida ba, ya kuma ga waɗanda aka zuzuta suka kasa. A 2002 ya ajiye wasa yana da shekara 32, babu dukiya, babu sunan da jarida za ta buga. Da a ce a wannan shekara aka kawo shi majalisar Agege aka auna shi da mudun da aka ambata, da hukuncin da za a yanke shi ne ya tafi yawon banza ya komo hannu rabbana.

Aikin da babu albashi

Da ya komo Nijeriya sai ya shiga horad da matasa. A cikin wannan aiki ne, a 2002, ya raka wani yaro ɗan Nijeriya gwaji a kulob ɗin Orlando Magic na Amurka. Shugabannin kulob ɗin suka lura da yadda ya san 'yan wasan Turai da na Afirka kamar tafin hannunsa, suka yarda ya riƙa nemo musu gwanaye, amma fa babu albashi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake shiga jirgi, yakan raɓa a ɗakin abokai ya kwana, yana bin gasa-gasa yana rubuta rahoto. Bayan wajen shekara guda kulob ɗin Denver Nuggets ya ɗauke shi wannan aiki da albashi.

Daga nan sai hawa. A 2007 Toronto Raptors ta ƙasar Kanada ta ɗauke shi, a 2008 ya zama mataimakin babban manaja. A 2010 Denver ta sake kiransa ta ba shi babban manaja, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a manyan gasannin Amurka. A 2013, bayan kulob ɗinsa ya ci wasa 57 cikin 82, aka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA na shekara, a wannan shekara kuma ya koma Toronto ya karɓi ragamar kulob ɗin.

Abin lura shi ne bai jira sai ya yi arziki kafin ya waiwayi gida ba. Tun a 2003, yana ƙaramin ma'aikaci, shi da abokinsa Godwin Owinje suka kafa ƙungiyar Giants of Africa, wadda take tara yara a sansani tana koya musu wasa da tarbiyya. A Nijeriya ta fara, daga baya ta bazu ƙasashen Afirka da dama, a 2021 kuma ta ɗau alkawarin gina filayen wasa 100 a nahiyar.

Kofin 2019 da waɗanda suka ɗauko shi

Ran 13 ga watan Yuni 2019 Toronto ta doke Golden State Warriors da ci 114 da 110, ta ɗauki kofin NBA, karo na farko ke nan da kofin ya fita daga Amurka. Jaridu sun fi ba da ƙarfi ga Kawhi Leonard, gwanin da Ujiri ya yi kasada ya kawo a 2018, ya sallami DeMar DeRozan wanda mutanen gari suke ƙauna. Gaskiya ne in babu Leonard babu kofi. Amma a dubi sauran mutanen da suka kewaye shi.

Kocin kulob ɗin, Nick Nurse, bai taɓa buga NBA ba. A 1990 shi ne ɗan wasa kuma shi ne koci a kulob ɗin garin Derby, wancan garin da Ujiri ya yi wasa daga baya. Ya yi shekaru yana horarwa a Ingila, ya ci kofi da Birmingham a 1996, da Manchester a 2000, sa'an nan ya koma ƙaramar gasar Amurka ya ci kofi a 2011 da 2013. A 2018 Ujiri ya sallami kocin da aka ba lambar gwarzon shekara, ya ɗora wannan mutumin na ƙananan gasanni, mutane suna ta surutu. Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda ya ci 26 a wasan ƙarshe, sai da aka zaɓi mutum 26 kafin a zo kansa a 2016, kuma a ƙaramin kulob ɗin Toronto aka gasa shi har ya ci kofin ƙaramar gasa a 2017. Fred VanVleet, wanda ya ci 22 a wannan dare, babu kulob ko ɗaya da ya zaɓe shi a 2016, shi ma ta ƙaramar gasa ya biyo.

Wanda bai taɓa zama a ƙasa ba, ba zai san akwai gwanaye a ƙasa ba. Idon da ya hango Nurse da Siakam da VanVleet, a waɗancan shekaru shida na ci-rani aka wasa shi. Ujiri ya rabu da Toronto a watan Yuni 2025, bayan shekara 12 yana jan ragamarta, amma wannan kofi yana nan a tarihi.

Kada a yaudari kai

To, a nan wani zai ce ai an koma gidan jiya, an kushe mudun tauraro sa'an nan an kawo labarin wanda ya ƙare da ɗaukaka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a amsa ta. Ba kowane yaro ne zai zama Ujiri ba, kamar yadda ba kowane ne zai zama Hakeem Olajuwon ba. Kulob 30 ne a NBA, kowanne da 'yan wasa wajen 15, watau kujera 450 ke nan ga duniya baki ɗaya, kuma sababbi 60 kacal ake zaɓa a shekara. Uban da ya jingina tsufansa a kan wannan lissafi ya jingina da inuwa.

Abin da za a iya maimaitawa a tarihin nan shi ne farkonsa da tsakiyarsa. Fili na siminti, da malami zaunanne, da yaro wanda wasa ya koya wa zuwa a kan lokaci, da bin doka, da haƙuri in an ci shi, da mu'amala da wanda ba yarensu ɗaya ba. Ko da Ujiri ya tsaya a matsayin mai horad da matasa a 2002, bai ƙara gaba ba, da Zariya ta ci ribarsa.

Mutanen Jos ma ba sa bukatar a je Kanada kafin su gane wannan. Mighty Jets ta Jos ita ce ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta farko a 1972. Ɗaya daga cikin 'yan bayanta, marigayi Isma'ila Mabo, a gida ya yi wasansa, da ya ajiye takalmi ya zama koci, shi ne kuma ya kai 'yan matan Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999 a Amurka. Ya rasu a 2023. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma tsofaffin 'yan wasa nawa ne suke zaune a Jos yau, na Plateau Peaks da na wasu kulob, da ilminsu a ka, babu wanda ya ce musu ga yara ku koyar?

Me ya sa ƙwallon kwando, me ya sa Ali Kazaure

Duk wanda ya san Ali Kazaure, da maƙwabtanta irin su Gangare da Dilimi da 'Yan Shanu, ya san unguwanni ne masu cunkoso, gida a jikin gida, yara kuwa kamar ƙasa. Samun filin ƙwallon ƙafa cikakke a irin wannan wuri sai dai a rushe gidaje. Filin ƙwallon ƙafa na ƙa'ida mita 105 ne da mita 68. Na ƙwallon kwando kuwa mita 28 ne da mita 15, watau in aka auna faɗin ƙasa, filin ƙwallon ƙafa ɗaya ya yi na kwando 17. A lissafin da dillalan filaye suka fi ganewa, fuloti ɗaya mai ƙafa 100 da ƙafa 50 ya kusa isa. In ma hakan ya gagara, akwai wasan mutum uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, wanda har ya shiga wasannin Olamfik tun daga na Tokyo da aka yi a 2021. Harabar makarantar firamare ko ta Islamiyya za ta iya ɗaukarsa. Abin da ake bukata daɓen siminti ne, da turken ƙarfe, da allo, da zobe a tsayin ƙafa 10, waɗanda duk mai walda na bakin titin Bauchi zai iya haɗawa.

Bugu da ƙari, maganar ta wuce ta nishaɗi. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun raba garin Jos, unguwar Musulmi daban, ta Kirista daban. Gobarar 2002 kuma ta cinye babbar kasuwar Taminus, inda dā kowa da kowa yake haɗuwa. Yaron da aka haifa bayan wannan, yau ya zama saurayi, kuma zai yiwu bai taɓa yin aboki daga Unguwar Rukuba ko Jenta ko Kabong ba. Wanda ba ka taɓa cin abinci da shi ba, ba ka taɓa wasa da shi ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa yarda za ka yi. Daɗin daɗawa ga shaye-shaye da 'yan sara-suka, waɗanda ba su da wurin farautar yara da ya wuce tsakanin tashi daga makaranta da magariba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in mutanen kirki ba su tanƙwara ba, akwai masu jiran su tanƙwara.

Amsar masu ƙorafi

Akwai iyayen da suke tsoron wasa zai raba yaro da addininsa da karatunsa. Tsoron yana bisa hanya in babu mai kula. Amma Hakeem Olajuwon, ɗan mai sayar da siminti a Ikko, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995 da kulob ɗin Houston, yana azumi yake wasa, har ma aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu 1995, watan da ya dace da Ramadan. Game da karatu kuwa, ƙwallon kwando ya sha bamban da na ƙafa, gama babbar hanyar ci gaba a cikinsa ta makaranta take bi. Olajuwon ta Jami'ar Houston ya bi, Ujiri ta kwaleji ya bi. Yaron da ba shi da takardar sakandare ƙofar a rufe take gare shi, kome tsawonsa.

Game da 'ya'ya mata, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta halatta wasa da lulluɓin kai tun 2017. 'Yan matan Nijeriya kuwa sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, a Olamfik ta 2024 kuma suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Sai dai da yawansu a ƙasashen waje aka raine su, abin da yake nuna iri yana nan, gonar ce ba a gyara ba. In aka ware wa 'yan mata lokacinsu da mace mai koyarwa, babu abin da zai hana.

Akwai kuma haɗarin 'yan damfara masu zuwa da sunan wakilai, su karɓi kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro Turai. Maganin wannan ma shi ne koci wanda ya taɓa fita ya ga yadda abin yake, wanda zai dubi uba ya ce masa, "Alhaji, kada ka sayar da gidanka, wannan takarda ta bogi ce."

Masu cewa a jira gwamnati kuma, sai su tuna abin da ya faru. A 2017 an yi zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa har guda biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, rigimar ta gurgunta gasar cikin gida shekara da shekaru. A watan Mayu 2022 Gwamnatin Tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta sake shawara a watan Yuni 'yan matan sun riga sun rasa gurbinsu na gasar cin kofin duniya, an ba Mali. Duk wannan a ƙasar da mazanta suka ci kofin Afirka a 2015, suka kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Wanda ya ce sai an gama rigima a sama kafin ya share ƙofar gidansa, zai daɗe cikin shara.

Abin da ya rage ga mazauna Kurmi

'Yan Arewa mazauna Kurmi ba baƙin taimakon gida ba ne. Da kuɗin goro da na shanu da na gwari da na canji an gina masallatai, an haƙa rijiyoyi, an aurar da marayu. Abin da ake nema a nan bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan tsada ba, sai dai yana bukatar a bi shi daki-daki.

Da farko, a fara da mutum kafin siminti. Ƙungiyoyin 'yan Jos da ke Ikko da Badun da Fatakwal su nemi tsohon ɗan wasa mai mutunci, wanda iyaye suka yarda da halinsa, su yanka masa albashi na wata-wata wanda ba zai yanke ba. Filaye nawa ne 'yan siyasa suka buɗe da kiɗa da hoto, bayan shekara guda awaki suka gaje su, don babu mai koyarwa? Na biyu, a nemi wuri a harabar makaranta tare da yardar hukumar makarantar da masu unguwa, don kada gobe wani ya ce filin kakansa ne. Na uku, a kafa doka cewa yaron da bai je makaranta ba ran nan ba zai taɓa ƙwallo ba, a kuma tashi in an kira salla. Na huɗu, in yara sun ƙware, a shirya musu wasa da takwarorinsu na unguwannin da aka daina shiga, yau a nan, gobe a can, da dattawan ɓangarorin biyu zaune a benci ɗaya. Na biyar, kowane kwabo a rubuta shi a karanta a gaban taro, gama rashin wannan ne ya kashe ƙungiyoyi da yawa.

Sa'an nan kuma a gyara mudu. Yaron da ya yi wasa shekara goma bai fita waje ba, amma ya gama sakandare, bai sha ƙwaya ba, bai ɗauki wuƙa ba, yana da abokai a kowane gefen gari, ya kuma iya tara yara talatin su saurare shi, wannan yaro bai yi asara ba, unguwarsa ma ba ta yi ba. Mutanen da suka bar gida suka zo Kurmi, waɗanda da yawansu ba su zama attajirai ba amma da guminsu gidaje suke cin tuwo, su ya fi kamata su fara gane wannan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sallah tana tafe, za a cika motoci a tafi gida, za a zauna da masu unguwa da malamai. To, a sa wannan magana a cikin abin da za a tattauna. Allah ya shirya zuriya, ya zaunar da Jos lafiya, amin.